Musayar waƙa: Soja da bindigarsa a cikin bariki

Mai Alƙalami:
Salamu alaikum 'yan fage. A Amurka ana ta ja-in-ja kan a bar soja ya riƙa yawo da bindigar kansa a cikin bariki ko a hana. Ni dai na ce a bar shi. Amsa-amo "ba".

Ka damƙa mai tanka a fagen daga,
A bariki ba ka amince da shi ba?
Barikin Fort Hood, 2009, sha uku sun kwanta dama,
Hannunsu wayam, ba su ko rama ba.

Gwanin Baka:
Sannu da kuka, Malam na alƙalami,
Wa ya yi harbin, ba ka gaya mana ba?
Manjo ne, likitansu na ƙwaƙwalwa,
Ba baƙo ne ya haura katanga ba.
Da kuɗinsa ya sayi bindigar a garin Killeen,
Tasa ce, ba ta gwamnati ba.

Ƙanwar Gwani:
Allah ya ja zamanin Yaya! An ƙure shi tun a zagayen farko.

Mai Alƙalami:
Ƙanwa, riƙe guɗarki tukuna.

Gwanin baka, bakin kaɗai gare ka,
Dokar hanin ai ba ta tare shi ba.
Mai biyayya ya kai tasa ma'ajiyar makamai ya sa hannu,
Mugu bai tsaya neman izini ba.
Sai da 'yan sanda suka iso aka kā da shi,
Wanda ya tafi kafin nan bai dawo ba.

Alƙalin Kari:
Malam, ɗangonka na uku ya fi ƙarfin numfashi, wannan ai zube ne. Sannan a gaya mini yadda ake auna "2009" a cikin kari. In aka karanta shi cikakke, baitin ya gurgunce.

Mai Alƙalami:
Kullum awo, ba mu taɓa ganin saƙarka ba. Kawo baiti ɗaya.

Alƙalin Kari:
Ba sai na yi ba kafin in gane ɗingishi. Kuma "ba" amsa-amon malalata ne, kowa ya iya ƙaryatawa ya zama sha'iri.

Ƙanwar Gwani:
To ai da "ba" ɗin Yayana ya yi nasa, ka taɓa shi ka gani.

Alƙalin Kari:
Nasa ma ɗangon ƙarshe ya gaza gaɓa biyu.

Gwaggon Fage:
Ku tsagaita 'ya'yana, ku ji ni,
Kun bar jaki kuna ta dukan taiki.
Akwai sojan da ke kashe kansa,
Dare ya raba, shi kaɗai a ɗaki.
Mafi yawansu da bindiga ne,
Ta kansu, ba wadda aka ba su don aiki.
Ka matso da ita ga mai ƙuncin rai,
In ta tashi, kar ka yi mamaki.

Gwanin Baka:
Gwaggo ta sauya amsa-amo, mun bi.

Barikin Fort Stewart, Agustan 2025,
Saje ya shigo da tasa wurin aiki.
Ya harbi biyar, ba wanda ya rasu,
'Yan'uwa suka danne shi da ƙarfin jiki.
Da kowa ya zaro tasa ran nan,
Wa zai gane maharbi a tsakar bariki?

Mai Alƙalami:
Afuwan, sai yanzu na samu sukuni.

Gwaggo na rusuna, zancenki dutse,
Amma Gwani ya daina yi mini tsaki.
Bayan harin da aka kai wa soja a garin Chattanooga, a 2016,
Ma'aikatar tsaro, Pentagon, ta sassauta wa bariki.
Ta ce kwamanda na iya ba da izini,
Kwana 90, bayan ya duba hali da aiki.
Wanda aka tantance nake wa magana,
Ban ce kurtun da ya zo jiya ba.

Alƙalin Kari:
Kun gani? Ya koma "ba"! Hali zanen dutse.

Gwanin Baka:
In dai mabuɗin na hannun kwamanda,
Me ya sa ka cika mu da kuka da haki?
Je ka cike takarda ka jira shi,
Ka bar wa Alƙali baitinka ya yi faci.

Alƙalin Kari:
"Faci" ba ta amsa "haki", Gwani. Sake.