Wai 'yan Baptist ba su da bishop ne?

Ɗan_Kawo:
Salama jama'a. Ni a Angilika na tashi, ƙanwata kuma za ta auri wani ɗan Baptist, jiya muna hira da shi ya ce wai ikilisiyarsu ce ta zauna ta zaɓi fastonta da kanta, na ce to bishop fa, ya ce ba su da shi. To ita Convention, babbar ƙungiyarsu ta ƙasa da ke Ibadan, me take yi kenan?

Dattijo_Z:
Ɗana, gaskiya surukinka ya faɗa maka. A wurinmu kowace ikilisiya tana cin gashin kanta, membobi ne ke kiran fasto su biya shi, in ta ɓaci su sallame shi a taro. Ikilisiyoyin yanki ɗaya su haɗu su zama association, waɗannan su haɗu su zama conference, sai Convention a can sama. Ita aikinta makarantu ne da asibitoci da aikin bishara da horar da fastoci, irin seminari na Ogbomosho da na nan Kaduna. Shawara take bayarwa, ba ta ɗauke maka fasto ta kai wani gari yadda ake yi a wurinku.

MamanTagwaye:
Baba a takarda kam haka ne, amma fa duk faston da ya yi wa manya gardama zai ji a jikinsa lol. Kuma taron ikilisiya ɗin nan, wallahi mun taɓa kwashe awa uku kan kuɗin fenti.

Malam_Tarihi:
Abin daga tushe yake. A 1609 wasu Turawan Ingila da suka gudu Amsterdam saboda ba su yarda da cocin sarki ba, wato Angilika, John Smyth na gabansu, suka ce baftisma sai wanda ya ba da gaskiya da bakinsa, ban da jarirai. Thomas Helwys ya komo da abin Landan, ya rubuta wa Sarki James cewa sarki ba shi da iko kan ran mutum, a kurkuku ya mutu. Mutanen da suka sha wuya a hannun bishop ai ba za su naɗa wani ba.

Namu kuma ta Amurka ya biyo. Southern Baptist, wato 'yan Baptist na kudancin Amurka, sun ɓalle daga na arewacinta a 1845 kan ko mai riƙe da bayi zai iya zama ɗan mishan, sai 1995 suka nemi gafara. Su suka turo Thomas Bowen ƙasar Yarabawa a 1850. A 1914 aka kafa Yoruba Baptist Association a Ibadan, 1919 ta koma Nigerian Baptist Convention. Arewa kuwa 'yan kasuwa da ma'aikatan jirgin ƙasa Yarabawa ne suka fara kawo ta, shi ya sa har yau wasu ke ce mata cocin Yarabawa.

Ɗan_Kawo:
Na gode Baba, na gode Malam. To ita ƙanwar tawa da aka yi wa baftisma tana jaririya fa?

Dattijo_Z:
In tana son zama cikakkiyar memba sai an nutsar da ita a ruwa. Ku je ku ga faston tun kafin a sa rana.