Sabon sinki ya fi kabad ɗin kicin faɗi, a yanka katakon ko a haƙura?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu sanin aikin katako ku taimaka min da shawara. Sinkin kicin ɗina ne ya tsufa, gindinsa ya huje yana yoyo, to sai muka samo sabo mai kwano biyu, shi kuwa tsohon kwano ɗaya ne. Kabad ɗin da yake kai faɗinsa santimita 80 ne daga waje, sabon kuma bakinsa na sama 84 ne, kwanukan biyu in aka auna ta ƙasa sun kai 78, zurfinsa 22 shi kuma tsohon 15. Saman kabad ɗin katako ne mai fomeka. Ta hagu akwai kabad mai durowoyi, ta dama kuma mai ƙofa da kanta ɗaya a ciki. Maigida ya ce a kira kafinta ya yanke gefe kawai a wuce wurin, ni kuma tsoro nake kar a yanka abin ya zo ya lotsa. Yana yiwuwa kuwa?

Tsohon Kafinta:
Wa alaikumus salam Hajiya. Yana yiwuwa, ana yi sosai. 84 ɗin nan kar ya dame ki, baki ne, a saman fomeka zai kwanta. Lissafin yana wajen 78. Yawancin allunan kabad kaurinsu milimita 18 ne, kin ga in aka cire gefe biyu cikin kabad ɗinki 76.4 ne ya rage, wato kwanon ya fi shi da santimita 1.6, kuma ba shi kenan ba don akwai ƴan maƙalan ƙarfe da ake ɗaure sinkin da su ta ƙasa, su ma suna son wuri da inda hannu zai shiga da sukudireba.

Kar a taɓa ɓangaren hagu sam, layin da durowa ke gudu a kai a jikin allon nan yake ɗaure, ana yankawa durowar sama ta tashi aiki. A matsar da sinkin dama a ci duka ta can. A wurin alluna biyu ne manne da juna, na kabad ɗin sinki da na maƙwabcinsa, in aka fafe su biyun an samu santimita 3.6, ya isa har da saura. Kuma fafewa na ce fa, ba cire allon gaba ɗaya ba. A yanko daga sama zuwa ɗan ƙasa da inda gindin kwano zai tsaya, a bar kamar santimita 8 a gaba saboda nan hinjin ƙofa yake kamawa, a bar wani abu a baya ma don su ne ƙafafun da ke ɗauke da saman.

Sai sandar katakon da ta gitta ta gaba a ƙarƙashin fomeka, ita ce ke riƙe gefe da gefe kar su buɗe. Sau da yawa sabon kwano yana tokare ta, kafintan da ke sauri sai ya tsinke ta ya jefar, bayan wata ƴan watanni ki ga ƙofofi sun daina haɗuwa. In dole sai an rage ta a rage, amma a ƙara mata ƙarfen kwana ko a sa wata a tsaye a bayan ƙofa. Ki tuna lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, in kika cika kwano biyu kika jiƙa tukwane nauyin ba na wasa ba ne.

Abu Fayif:
Duk abin da Baba ya faɗa haka ne, amma ni kafin a ɗauko zarto ma a leƙa ƙasa tukuna. Sabon ya fi tsohon zurfi da santimita 7, ma'ana mafitar ruwan ta sauko da 7 kenan, shi kuwa fayif ɗin da ya shiga bango yana nan inda yake bai motsa ba. Ruwa ba ya hawa sama, in bakin na bango yana sama da mafitar gwiwa, wato lanƙwasasshen fayif ɗin nan da ke ƙarƙashin sinki, to ruwa zai riƙa kwana a ciki, ya dinga tafiya a hankali, maiƙo ya taru ya toshe. Ana son fayif ya ɗan gangara kamar santimita 2 a kowace mita. Kuma kar wani ya ce miki a cire gwiwar don a samu wuri, ruwan da take riƙewa shi ke tare warin magudana.

Ummu Salma:
Ni dai gaskiya in ana karɓar canji ki mayar ki ɗauko wanda ya yi daidai da 80 ki huta. Kabad in dai na garin katako ne da aka matse, duk inda aka yanka ruwa ya taɓa kumbura yake kamar burodi, kuma ba ya komawa. Kwano biyu daɗi ne da shi ban musa ba, amma ai wurin ajiyar da ke kabad ɗin dama ma zai ragu.

Tsohon Kafinta:
Maganarki gaskiya ce ƴar uwa, shi ya sa duk bakin da aka yanka sai an shafe shi da silikon ko fenti mai hana ruwa ya bushe kafin a ɗora sinki, har da bakin ramin fomekar zagaye. Wajen faɗaɗa ramin kuma a duba cikin kwali, galibi akwai takardar zanen girman ramin. In babu a kifa sinkin a zana bakinsa da fensir, sai a shigo ciki da kamar santimita 1 a sake ja wani layin, shi za a bi. A manna tef na takarda a kan layin kar fomeka ta ɓantare, a huda kusurwoyi da diril su fito a zagaye, kusurwa mai kaifi daga nan tsagewa take farawa.

Maman Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na auna yanzun nan, daga ƙasan kwanon tsohon zuwa tsakiyar fayif ɗin bango santimita 19 ne, kenan da sabon zai koma 12. Malam Abu ya isa ko sai an fasa bango?

Abu Fayif:
12 kam a takure yake, musamman da yake kwano biyu ne, sai an haɗa mafitarsu da wani fayif a kwance kafin a kai ga gwiwa, shi ma yana cin wuri. Akwai kayan haɗi gajeru da ake yi don irin wannan, ki sa mai gyaran famfo ya jera su a jikin sabon sinkin tun yana ƙasa ya auna ya gani. In ya shiga sai Baba kafinta ya fara yanka, in bai shiga ba sai ku zauna da maigida ku zaɓa, ko a sauko da na bango ko a bi shawarar Ummu Salma.