"Buɗe wayar nan": wa aka taɓa tsayarwa a shinge, yaya kuma aka ƙare?

Mai Shadda:
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni, kuma na fi son amsar waɗanda abin ya taɓa faruwa a kansu. Kwanan baya mun taso daga Kano za mu Abuja, mun wuce Zariya kaɗan aka tare motarmu. An buɗe but, an lalube jakunkuna, ban ce uffan ba, ai aikinsu ne. Sai wani jami'i ya miƙo hannu ya ce in ba shi wayata, in sa yatsa ta buɗe. Ya shiga saƙonnin banki yana karanta alat ɗaya bayan ɗaya, yana tambayata wane ne wannan, me ya saya da ya turo kuɗi haka. Daga nan ya zarce hotuna, har na iyalina. Ban yi gardama ba saboda dare ne, fasinjoji kuma suna ta cewa Alhaji ka ba shi mu tafi. Shin yana da hurumin yin haka? Ku kuma da aka yi muku, me kuka yi?

Maman Ikram:
Wa'alaikumus salam Alhaji. Mu da muka zauna a Kano bayan harin Boko Haram na 20 ga Janairun 2012 mun ga bincike iri-iri. Kana kan acaɓa, da an hango shinge sai a sauka a tura babur har a wuce, kai fasinja kana biye a ƙasa. Ina da tsohon ciki a lokacin, haka nake saukowa in taka. Ƙofar kasuwa a buɗe jaka, ƙofar asibiti a buɗe jaka, ranar Juma'a maza su ɗaga hannu a shafa su kafin su shiga masallaci. Wallahi ban taɓa jin haushi ba, don kunnena ya ji ƙarar bam ɗin ranar, kuma na san gidajen da aka yi zaman makoki. Amma abin da ake nema a jaka sananne ne, ko bindiga ko bam, in babu a ce ki wuce. Waya fa me ake nema a ciki? Ni har yau ba a taɓa karɓar tawa ba, sai dai an karɓi ta ƙanina a gabana, mutumin ya tsaya yana sauraron saƙon murya da budurwarsa ta turo masa, yana dariya. Ban ga tsaron da ke cikin wannan ba.

Ɗan Yerwa:
Hajiya naku mai sauƙi ne. A watan Mayun 2013 Shugaba Jonathan ya sa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, aka kashe layukan waya gaba ɗaya, daga baya har wayar Thuraya mai aiki da tauraron ɗan adam aka haramta a Borno. Waya ta koma tocila da rediyo, amma duk da haka ana karɓarta a shinge. Sunaye ake dubawa. A unguwarmu kowa ya zauna ya gyara nasa: wanda ka rubuta Malam ko Ustaz sai ka mai da shi Tela ko Mai Gyaran Babur. Karatun Alƙur'ani da wa'azin da ke kan memori, mutane suka goge, wasu suka cire memorin suka jefa a masai. Mahaifina bai taɓa shiga wata ƙungiya ba, tsohon ma'aikacin gwamnati ne, amma sai da ya rage gemunsa.

In aka zagaye unguwa da asuba kuwa babu maganar takardar izinin bincike. A fito da maza a zaunar a rana, a shiga ɗakuna a ɗaga katifu. Wasu sun dawo gida da yamma, wasu har yau ba labarinsu. Ba zan ce binciken bai yi amfani ba, an fitar da makamai daga gidajen da muke gaisawa da masu su kullum. Amma tsoron da ya shige mu bai fita ba. Har gobe ba na ajiye wa'azi a waya, ko na wane malami ne.

Barista A.:
Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Alhaji Mai Shadda, ga abin da ke rubuce. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da maganarsa ta waya. Sashe na 45 ya ba da damar taƙaita wannan haƙƙi saboda tsaro, amma sai ta hanyar doka, ba yadda ran jami'i ya so ba. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta yarda a tsayar da mutum a bincike shi ko motarsa idan akwai ƙwaƙƙwaran dalilin zargi, kamar yana ɗauke da makami ko kayan sata, kuma jami'in ya faɗi sunansa da ofishinsa da abin da yake nema. Ta fito fili ta ce shekaru, ko aski, ko irin suturar mutum ba dalilin zargi ba ne. A farkon Oktoban 2020, kwanaki kafin a rusa SARS, sashen 'yan sanda na yaƙi da fashi, Sufeto Janar na lokacin Mohammed Adamu ya hana leƙa wayoyi da kwamfutocin mutane barkatai a kan hanya. Saboda haka wanda ya karanta alat ɗinka ba tare da wani zargi ba ya wuce gona da iri.

Gida kuma, Ɗan Yerwa, a ƙa'ida sai da takardar izinin bincike daga kotu. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015 ta ce a yi binciken a gaban shaidu biyu, a rubuta duk abin da aka ɗauka. Mace, mace ce ke lalube ta. In akwai matan kulle a ɗaki, a sanar da su su keɓe kafin a shiga. Kuma an hana kama wani a madadin wani, wato a zo neman ɗa a tafi da uba.

Sadiq_BUK:
Barista, Allah Ya ƙara basira, amma wa zai karanto sashe na 37 da ƙarfe sha ɗayan dare a daji? Ni na gwada. Ina ɗauke da kwamfuta a jakar goyo, aka ce ɗan Yahoo ne. Na ce Yallaɓai ɗalibi ne ni, ga katin makaranta, kuma doka ta hana duba waya. Ya ce to lauya, sauko. Motar ta tafi ta bar ni. Na zauna a kan benci gefen buhunan yashi, ba a doke ni ba, ba a kuma tambaye ni komai ba, sai da na gaji na buɗe wayar da kaina. Bai ma duba sosai ba, so yake in san wane ne babba. Wani Alhaji da ya zo a jibgegiyar mota mai baƙin gilashi, ko sauke gilashin bai gama yi ba aka sara masa.

Tsohon Soja:
Ku yi haƙuri in shigo, ni na tsaya a shinge shekaru kafin in yi ritaya. Yaro, abin da aka yi maka ba daidai ba ne, kuma mai duba hoton matar wani ya ci amanar kakinsa. Sai dai ku sani wanda ke tsaye a wurin nan shi ma ɗan wani ne, bai san motar da za ta tashi da shi ba, wani lokacin alawus ɗinsa ma bai zo ba. Kuma waya tana tona asiri. Masu kai wa 'yan bindiga bayani da burodi da fetur ba sa yawo da bindiga, da waya suke aiki. Na ga wanda aka kama saboda hoton da ya ɗauka riƙe da makami a daji, fuskarsa kamar ta limami. In an ce kada a taɓa waya sam, irin wannan ya wuce ke nan.

Maman Ikram:
Baba, Allah Ya saka da alheri kan hidimar da kuka yi. Amma wancan da kuka kama, haka kawai kuka zaɓe shi cikin mota, ko an tsegunta muku?

Tsohon Soja:
An tsegunta mana, 'yata. Muna jiran motar tun rana.

Barista A.:
To ai shi ke nan Baba, wannan shi ne dalilin zargin da doka take nufi. Ba wanda ya ce kada a taɓa wayar wanda ake nema. Abin da aka hana shi ne a bi mota goma ana buɗe wayar kowa ko Allah zai sa a dace.

Bagusaiya:
Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya daban ne. Tun Disambar 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, lokacin Pantami yana ministan sadarwa. Mun yi layi a rana, an ɗauki hoton yatsu da fuska, aka ce da wannan za a riƙa kamo masu garkuwa. A watan Afrilun 2022 aka toshe kiran layuka sama da miliyan 72 da ba a haɗa ba. Kafin nan, a Satumbar 2021, an kashe mana sabis a Zamfara ɗungurungum. Mutanen Gusau suna shiga mota zuwa Funtuwa don kawai su kira 'yan'uwa ko su tura kuɗi, sai ga Funtuwar ma an kashe tata. Masu POS suka rufe, mai mara lafiya a ƙauye ba ya iya kiran kowa, in an kawo hari ma ba ta yadda za a sanar.

Duk mun haƙura. Amma da aka ɗauke ɗan yayata, da lamba ɗaya aka yi ta kiranmu ana cinikin kuɗin fansa kamar ana cinikin akuya a kasuwa. Mun kai lambar inda ya kamata, aka ce a bar ta za a duba. Sai da muka sayar da gona ya dawo. Shi kansa Pantami ya fito a farkon 2024 yana cewa matsalar rashin amfani da bayanan ne daga ɓangaren masu tsaro. To in gwamnati tana da sunana da yatsuna da lambata, ta kasa bin lambar ɓarawo, me jami'i yake nema a hotunan Alhaji?

Barista A.:
Allah Ya kiyaye gaba, Hajiya. Ikon bin layi akwai shi. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta fitar da ƙa'idojin sauraron sadarwa a 2019: a nemi izinin alƙali tukuna, in kuma rai na cikin haɗari a fara, a nemi izinin cikin awa 48. Irin naku ne ma aka yi wa wannan sassaucin. Akwai kuma dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023.

Direban Sharon:
Ni kullum ina kan hanya, bari in faɗa muku yadda muke yi. Da ka hango shinge da dare, kashe babbar fitila, kunna ta ciki, rage kiɗa. Fasinja kada ya ɗaga waya, ko kira yake ya ajiye, don in suka zaci hoto kake ɗauka ranar ba mai tafiya. Yawanci na goro ake nema, in na miƙa ba a ma leƙa motar, wanda ke nufin ko me na ɗauko ya wuce. Wannan ya fi damuna a kan duba waya. Wanda aka fi saukewa kuwa matashi ne mai jakar goyo, sai Bafulatani. Na sha ganin an sauke Bafulatani shi kaɗai a mota cike, ba don komai ba sai rawaninsa da sandarsa, an juye masa buhu a titi, ya tsuguna yana tsince goro da maganin shanu, sauran fasinja kowa ya kau da kai.

Mai Shadda:
Na gode jama'a. Barista, in an sake, in ƙi bayarwa ko in bayar? Kuma ina ake kai ƙara?

Barista A.:
Kada ka yi kokawa da mai bindiga, Alhaji. Ka tambaya cikin ladabi, Yallaɓai me ake zargina da shi? Sau da yawa wannan kaɗai na sa a miƙo maka abinka. In ya dage, ka bayar, amma ka riƙe sunan da ke ƙirjinsa, da lambar motarsu, da wurin, da lokacin, ka karɓi lambar direba ko wani fasinja da zai yi shaida. In ɗan sanda ne akwai sashen karɓar koke na rundunar, akwai Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, ga kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, ita ko wane kaki ne tana karɓa, kuma ba a biyan ko kwabo. In an sa ka tura kuɗi ta waya kada ka goge alat ɗin, sunan mai asusun yana jiki.

Sadiq_BUK:
Wanda ya sauke ni rigar sanyi ya ɗora a kan kakin, ba suna ba lamba. Motar tasu ma ba ta da lamba.