Kwana goma a Kuroshiya: ina ya kamata mu dosa?

Ɗan Birnin Kudu:
Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena yana karatu a Hangari, ya ce in na je ganinsa mu tsallaka Kuroshiya mu yi kwana goma, tunda maƙwabta ne. Ni ruwa da duwatsu da tsofaffin gine-gine nake son gani, ba wuraren casu ba. Wane wata ya fi, ganin cewa daga shuka zuwa kaka ba na barin gona? Kuma waɗanne wurare ne suka cancanci kuɗin mutum?

Malamin Labarin Ƙasa, Gumel:
Wa alaikumus salam, Malam. Ai gonarka ta riga ta zaɓa maka wata: Mayu. Ka je ka dawo kafin ruwan shuka ya sauka. A lokacin tafkuna a cike suke, rana ba ta fara duka ba, cunkoson Yuli da Agusta bai iso ba. Satumba ma da kyau, sai dai ta faɗo maka a kan girbin gero.

Gaɓar ƙasar doguwa ce siririya, don haka ku bi ta sau ɗaya daga arewa zuwa kudu: Zagreb babban birnin ƙasar, Plitvice, Split, Dubrovnik. Za a yi ta yaba muku filin wasan Rumawa na Pula, kuma ya isa yabo, amma yana can yamma a wani lungu, zai cinye muku kwana biyu. Ku bar shi.

Plitvice shi ne wanda ba a tsallakewa. Tafkuna 16 ne hawa-hawa, 12 a sama, 4 a ƙasa, kowanne yana zuba cikin na ƙasansa. Shingen da ke raba su ruwan ne da kansa ya gina: yana ɗauke da narkakkiyar farar ƙasa daga duwatsun yankin, yana ajiye ta a kan gansakuka da rassan da suka faɗa ciki, kamar farin ɓawon nan da ke taruwa a gindin butar shayi, har ta daskare. Shingen yana ci gaba da girma kuma ba shi da ƙwari, shi ya sa aka hana wanka da sauka daga gadojin katako. An keɓe wurin tun 1949, hukumar UNESCO ta sa shi a jerinta na wuraren gadon duniya a 1979.

Ku shiga ta Ƙofa ta 1, ku ɗauki hanyar da aka yi wa alama C. Kimanin kilomita 8 ce, awa huɗu zuwa biyar. Da shigarku za ku hango Veliki Slap, ruwan da ke faɗowa daga tsayin mita 78. Daga nan ku bi tafkunan ƙasa, ku haye tafkin Kozjak a jirgin ruwa mai lantarki, ku hau na sama, mota ta dawo da ku. Jirgin da motar duk suna cikin tikiti.

Inda ake yin ɓarna: tikitin yana ɗauke da awar shiga, kuma na ranakun cunkoso yana ƙarewa, sai a saya ta intanet tun da wuri. Wanda ya taso daga Zagreb da hantsi, tafiyar awa biyu da wani abu, zai iso tare da manyan motocin 'yan yawon buɗe ido, ya ƙare yana bin layi a kan katakon da mutum biyu ke gogayya. Ku kwana a ƙauyukan gefen gandun ku shiga da an buɗe. Gadojin yawanci ba su da abin dafawa kuma feshin ruwa yana jiƙa su, ba wurin silifas ba ne. Ku riƙe rigar sanyi, safiyar Mayu a kan tudun nan tana cizo. Daga Yuni zuwa Satumba tikitin babba yana kai yuro 40, a Mayu kusan rabin haka.

Krka kuwa, wani gandun ne mai ruwa masu faɗowa; in kun ga Plitvice, sai in kwana ya ragu. Hotunan mutane suna iyo a gindin Skradinski Buk, babban ruwan da ke faɗowa a Krka, tsofaffi ne, an hana tun 2021.

Maman Sadiq, Rano:
Ƙanena, Malam ya gama da ruwa, bari in kama gine-gine. Ka ba Split kwana uku, Dubrovnik biyu, ba akasin haka ba.

Tsakiyar Split fada ce. Sarkin Rum Diocletian ya gina ta don ya zauna bayan ya sauka daga mulki a shekara ta 305. A ƙarni na 7 mutanen da suka gudo daga birnin Salona suka fake a cikinta, har yau jama'a ba su fita ba: za ka ga an shanya wanki a jikin bangon Rumawa. Shiga kyauta ne, ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da hasumiya ake biya wa. Ka shiga ta ƙofar da ke fuskantar teku, ka ratsa ta ƙarƙashi ka ɓullo a farfajiyar da ake kira Peristil, inda akwai gunkin baƙin dutse mai jikin zaki da aka kwaso daga Masar. Kabarin sarkin, wanda ya gallaza wa Kiristoci, shi ne babbar majami'ar garin yanzu. Ka je bayan asuba, kafin a jera kujerun shan gahawa.

Bayan gari kan tudu akwai sansanin Klis. Daular Usmaniyya ta Turkawa ta kama shi a 1537, ta riƙe har 1648. Masallacin da suka gina yana nan da kubbarsa, an mayar da shi coci.

Tunda manomi ne kai, ka hau jirgin ruwa na awa biyu daga Split zuwa Stari Grad a tsibirin Hvar. Girkawa ne suka kafa garin a shekara ta 384 kafin haihuwar Annabi Isa, suka yanka filin bayansa gona-gona, kowace kusan mita 180 a faɗi, 900 a tsawo, da iyakar duwatsun da aka jera babu siminti. Har yau a kan wannan rabon ake noman inabi da zaitun. Ka yi hayar keke ka zaga. Ni a ganina ya fi garin Hvar ɗin da kowa ke rububi.

Dubrovnik ganuwa ake zuwa gani, tsawonta mita 1,940. Gefe ɗaya ake bi, ba a juyowa, awa biyu ne ga mai tsayawa kallo, matakala ba adadi, inuwa babu. Ka hau da an buɗe, kafin manyan jiragen ruwa su juye fasinjojinsu, ka cika gorarka a famfon Onofrio na 1438 da ke bakin ƙofar Pile. Daga sama ka lura da rufin gidaje: masu ja garau sababbi ne, an sa su bayan luguden wutar yaƙin 1991, masu dushewar kala su ne na da. Garin ya yi ƙarnoni yana jamhuriya mai cin gashin kanta, yana biyan Usmaniyya haraji don a bar shi ya yi fatauci, sai a 1808 mutanen Napoleon na Faransa suka rushe ta. Kada ka kwana cikin ganuwa, tsada kamar me. Ka nemi ɗaki a unguwar Lapad ko Gruž, bas ta kai ka.

Alhajin Ringim:
Malam, duk abin da suka faɗa daidai ne, amma akwai ramin da ba su nuna maka ba. Tun 1 ga Janairun 2023 Kuroshiya ta shiga yankin Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, ta kuma koma yuro, don haka biza ɗaya ta ishe ka ita da Hangari. A ƙasar da za ka fi daɗewa ake nema. Kuɗinta yuro 90, da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, kuma fasfo ya kasance da sauran wata uku bayan ranar fitowarka. Ana iya nema tun saura wata shida, kada ka jira ƙurewa.

Da ta fito ka duba wurin adadin shiga. In an rubuta 01, shiga ɗaya ce tak. Tsakanin Split da Dubrovnik akwai ɗan yankin Bosniya a garin Neum, kusan kilomita 9 na titi. An buɗe gadar Pelješac a Yulin 2022 don a kauce masa, amma wasu bas har yanzu ta Neum suke bi. Ka tambaya kafin ka yanki tikiti, domin in ka fita Shengen da shiga ɗaya bizarka ta ƙare. Haka yawon yini guda zuwa Mostar ko Kotor da ake tallatawa a kowane lungu, su ma a wajen Shengen suke. Ƙanenka yana da takardar zama, za a bar shi ya dawo, kai ne za a tsayar.

Jirgin ƙasa ba ya zuwa Dubrovnik. Direban bas yana karɓar yuro ɗaya ko biyu kan kowace jakar da aka sa a but, ka riƙe canji. In iskar da suke kira bura ta taso, ƙananan jiragen ruwa masu gudu ake fara sokewa, saboda haka kada daren tashinka ya same ka a tsibiri.

Ɗan Birnin Kudu:
Allah ya saka da alheri, Yaya da Alhaji da Malam. To batun abinci da salla fa?

Maman Sadiq, Rano:
Ka haddace kalmar svinjetina, naman alade ke nan. Pršut da kulen da panceta duk shi ne. Ćevapi, wato gasasshen niƙaƙƙen nama, a can sau da yawa ana gauraya shi da alade, kuma wasu gidajen burodi suna aiki da kitsensa, sai ka tambaya. Pašticada naman sa ne amma da giya ake dafa shi. A bakin teku gasasshen kifi da dankali da ganyen blitva ya raba ka da shakka. Ruwan famfo ana sha.

Zagreb tana da babban masallaci da aka buɗe a 1987, Rijeka ma tana da nata tun 2013, a Split da cikin ganuwar Dubrovnik akwai ƙananan wuraren salla. Ka tsara Juma'arka ta faɗo a Zagreb. Alƙibla kudu maso gabas ce. A ƙarshen Mayu rana ba ta faɗuwa sai bayan takwas na dare, alfijir kuma yana ketowa da wuri sosai, don haka ka saita lokutan salla a wayarka da sunan garin da kake. Yawancin kantuna suna rufe ranar Lahadi, ka yi cefanenka tun Asabar.