Don Allah wa ya san kan MRI na zuciya?

Assalamu alaikum jama'a, likitocin da ke nan don Allah ku taimaka min. Ƙanwata ce ta haihu, ko arba'in ba a yi ba ƙafafunta suka kumbura, numfashi sama-sama, in ba an jera mata filo ba bata iya barci. A asibiti nan Zariya aka ce ciwon zuciyar bayan haihuwa ne, an hana ta kunun kanwa da gishiri, tana kan magani. Hoton eko (sikanin na zuciya, irin wanda ake yi wa masu ciki) ya nuna zuciyar kashi 30 cikin 100 kawai take turawa na jinin da ya cika ta, mai lafiya kuwa sama da 50 ne.

Yanzu likita yace a yi MRI, wato hoton da ake ɗauka mutum yana kwance cikin wani babban inji, za a yi mata allurar wani ruwa gadolinium da ke haska inda naman zuciya yayi tabo, mai tabo yafi haɗarin bugun zuciya ya rikice, marar tabo yafi sa ran farfaɗowa. To anan na tsaya wallahi, in an ga tabon maganin zai canza ne ko sani kawai zamu yi? Don kuɗin ba kaɗan bane, mijinta ƙaramin shago gareshi a Sabon Gari. Sannan gwajin ƙodarta bai fito daidai ba, ga shayarwa tana yi, ruwan ba zai cutar da ita ko jaririn ba? Kuma wadda bata iya kwanciya rigingine yaya zata riƙe numfashi cikin injin? Mu yi yanzu ko mu jira eko na gaba?