Ruwan wurin ninƙayar gidan yayana ya koma kore, maganar wa zan kama?

Baban Yusra:

Assalamu alaikum jama'a. Yayana ne aiki ya kai shi Jidda, ya bar min gidansa a Malali, Kaduna, in zauna da iyalina. A bayan gidan akwai wurin ninƙaya, tsawonsa mita 8, faɗi mita 4, zurfin ya fara daga mita 1 ya kai 2. Ni dai iyakar sanina da iyo shi ne kududdufin unguwarmu muna yara, don haka na bar wa yaron da ke zuwa duk Asabar komai.

Tun da damina ta kankama abin ya gagara. Aka yi ruwa kwana uku a jere, na leƙa da safe na ga ruwan kamar miyar kuka, matakalar sai santsi. Yaron ya zo ya barbaɗa wani gari shuɗi da ya ƙullo a leda, babu suna babu komai. Washegari ruwan ya yi shuɗi gwanin sha'awa, amma 'yata ta fito idonta jajur, yanzu kuma layin tayil ɗin ya fara tabo. Na je shago, mai shagon ya ce yaron bai san aiki ba, in sayi bokitin ƙwayar kulorin in riƙa jefa biyu kullum. Na shiga YouTube, duk 'yan Amurka ne, lissafinsu da galan, rabin maganarsu kuma yadda ake rufe wurin kafin ƙanƙara ta sauka. Don Allah wanda ya san abin nan da gaske ya taimaka, kafin mai gida ya dawo hutu ya tarar na lalata masa wuri.

Injiniya_Kubwa:

Wa alaikumus salam Malam. Na yi shekara tara ina kula da na wani otel a Abuja. Kafin ka ƙara sayen ko cokali ɗaya na magani, ka sayi abin gwajin ruwa, wanda ake ɗiga wa ruwan magani launi ya canza. Duk wanda ya ba ka shawara bai tambaye ka sakamakon gwaji ba, cinta yake yi, ko kuma kayansa yake son sayarwa.

Abu biyu za ka riƙa dubawa: pH, wato awon tsamin ruwan, ya tsaya tsakanin 7.2 da 7.6, kulorin kuma tsakanin 1 da 3. In pH ya haura 8, kulorin ɗin yana cikin ruwan amma ƙarfinsa ya ragu sosai, sai ka yi ta zubawa gansakuka na ta yaɗo. Ka fara gyara pH tukuna.

Wurinka, in ka ninka 8 sau 4 sau 1.5 na matsakaicin zurfi, lita dubu 48 ke nan. Ka rubuta wannan adadi a bangon ɗakin inji. Garin kulorin irin na HTH, mai ƙarfin kashi 65, kusan giram 75 ne zai ɗaga maka awo ɗaya. Ruwan da ya riga ya yi kore yana son a kai shi wajen 10 a lokaci guda, wato giram 750. Ka narkar a bokitin ruwa, ka zuba bayan magariba, don rana cinye kulorin take yi. Ka goge bango da buroshi, inji ya kwana yana aiki. Kada kowa ya shiga sai awon ya sauko 3 kuma kana hango ƙasan wurin sarai.

Na san matsalar wuta, amma injin nan yana son awa shida zuwa takwas kullum. Yawancin ruwan da na ga ya lalace a gidajen mutane, dizal ake tsumulmula, ba magani ne ya gaza ba. Ka kuma kalli agogon da ke kan tukunyar yashin da ke tace ruwan: in allurar ta haura inda ta saba da kamar 8 zuwa 10 a ma'aunin psi na matsin ruwa, yashin ya toshe, sai a yi masa bakwash, wato a juya ruwa baya ya wanke dattin ya fita waje. A kashe inji kafin a murɗa hannun tukunyar, yaran nan suna yawan lalata shi ta nan.

Maman Hanif:

Ni malamar kimiyya ce a sakandare, kuma muna da ƙarami a gida. Garin nan shuɗi da wuya in ba kofa salfet ba ne. Yana kashe gansakuka, amma ba zai maye gurbin kulorin wajen kashe ƙwayoyin cuta ba, kuma tagullar da ke ciki ce take taruwa tana ɓata tayil. Ka hana shi zubawa. Jan ido kuwa, mutane suna ɗauka kulorin ne ya yi yawa. Sau da yawa akasin haka ne: ya haɗu da gumi da fitsarin yara ya zama wani abu daban mai yaji, shi ne warin nan mai ƙarfi da ake ji.

Abin da ya sa na yi magana ma shi ne shawarar mai shago. Ƙwayar nan tana ɗauke da wani sinadari, sayanurik asid, da ke kare kulorin daga rana. Kaɗan yana da amfani, kamar 30 zuwa 50. Amma ba ya ƙarewa, taruwa yake yi, in ya yi yawa kulorin ya daina aiki, ba kuma abin da ke fitar da shi sai rage ruwa a zuba sabo. Sannan don girman Allah kada a haɗa ƙwayar da garin a bokiti ɗaya ko a auna su da kofi ɗaya, wuta suke kamawa. Kulorin da asid ma kada su haɗu, hayaƙinsu guba ne. Asid kuma shi ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba masa ruwa. Kuna da ƙananan yara? In babu shinge mai ƙofa kewaye da wurin, wannan ya riga duk maganar launi.

Ɗan Sabon Gari:

Alhaji, da wane ruwa kuke cikawa? In na bohol ne, ɗebi bokiti fari ka zuba masa ɗan Hypo ka bar shi awa guda. In ya koma kalar shayi, ƙarfe ne a ruwan. Haka ya faru da mu, muka yi ta ƙara kulorin abin na ƙara muni. Alif ɗin nan da ake tace ruwan rijiya da shi ne ya kwantar da dattin a ƙasa, muka zuƙe shi waje kai tsaye ba ta cikin yashi ba. Ka kuma shirya wa hunturu, ƙura sai ta fi ruwan sama ba ka wahala.

Baban Yusra:

Allah ya saka da alheri. Na sayo abin gwajin jiya: pH ya wuce 8, kulorin kuwa ruwan kwalbar ko gezau bai yi ba. Na nuna wa yaron, ya ce shi tun da yake aikin nan da ido yake ganewa. Ban kore shi ba, na dai karɓe ledar. Hajiya, shinge babu, na kira mai walda zai zo gobe ya auna. Gwajin bokitin ma na yi, ruwan bai canza ba. Injiniya, asid ɗin da zan sauke pH da shi, na ruwa zan saya ko na gari, kuma nawa zan fara zubawa a lita dubu 48?