Fitilun tablo a hawan duwatsun Adar: wacce ke tsayar da mota nan take?

Direban Keita: Assalamu alaikum ƴan uwa. Ga abin da sababbin direbobin katkat (motoci masu ja da ƙafa huɗu) ke yawan kawowa a hanyoyin Keita, Buza da kwarin Majiya: mota lafiya lau a kan kwalta, amma da ta ɗaga hanci a kan dutse ko ta sunkuya cikin korama sai fitilu su kama a tablo. Kowa ya faɗi wadda ya sani, da abin da ake yi mata.

Bakaniken Tawa: Wa'alaikumus salam, Malam. A fara da jar fitila mai siffar buta, don ita ce ke cinye inji. Famfon baƙin mai yana zuƙowa ne ta wani bututu da ke nutse a kwanon ƙasan inji. In man ya yi ƙasa, mota kuma ta karkata sosai, sai ya taru gefe guda, bakin bututun ya zuƙi iska, fitilar ta ƙifta. A wannan ɗan lokacin ƙarfe ne ke gugar ƙarfe. Kada a ce bari in ƙarasa hawan. A take birki, a kashe inji, a sa dutse bayan taya. Sandar awo ba ta faɗin gaskiya a kan gangare, sai a fili, bayan inji ya huta minti 5. A yawancin motocin nan tsakanin alamar ƙasa da ta sama kusan lita 1 zuwa 1 da rabi ce, saboda haka mai shirin hawa ya cika har alamar sama tun daga Tawa, amma kada ya zarce ta. In man ya cika fitilar kuma ba ta mutu ba, to wataƙila famfo ne ko ragar bututun ta toshe. Wannan motar ja ake yi.

Mai Hilux daga Madawa: Maigida, jar fitilar birki fa? Takan kama a gangare alhali birkin hannu a sauke yake.

Bakaniken Tawa: Ƙanena, a cikin robar man birki akwai wani ɗan abu mai iyo. Man in ya kusa alamar ƙasa, karkatar mota kaɗai ta isa ta saukar da shi. Gangaren ya tona abin da ke nan ne tun da farko: ko dai fatar birki ta cinye har man ya bi ta zuwa ƙafafu, ko kuwa akwai yoyo. Kafin a ƙara mai a leƙa bayan kowace taya a ga ko da danshi, a kuma take birkin a riƙe. In ƙafa na nutsewa a hankali, ba a sauka da motar nan.

Tsohon direban Abalak: In ƙara a kan na bakaniken Tawa. Man birki yana shan danshi da daɗewa. Sabon man birki nau'in DOT 4 sai ya kai digiri 230 kafin ya tafasa, amma wanda ya sha ruwa yana iya tafasa tun a 155, DOT 3 ma a 140. Wanda ya ɗora ƙafa kan birki tun daga saman tudu, da buhunan albasa ko gero a baya, shi ke dafa man da kansa. Ƙafa ta tafi ƙasa fayau, kuma babu fitilar da za ta gargaɗe shi. Tun a sama ake tsayawa cak, a shiga L4, wato ƙaramar giyar katkat mai ƙarfi, a sa giya ta ɗaya, a saki kuloci gaba ɗaya, inji ya riƙe motar. Birki sai ɗan taɓi. A sauya man duk shekara 2.

Haka in hawa ya gagara, ba a juya mota a gicciye, nan take kifewa. A sa giyar baya, a saki kuloci, a sauko miƙe ta sawun da aka hau.

Direban Keita: To fitilu masu ruwan ɗorawa fa, Alhaji? Su suka fi tsorata yara.

Mai gyaran wayar mota: Yawancinsu labari suke bayarwa. A Hilux da Land Cruiser masu makullin ƙafafun baya, wanda ke sa tayoyin baya biyu su juya tare, da an kulle sai fitilar ABS, wato tsarin hana taya cijewa in an taka birki, ta kama, don motar ce da kanta ta kashe shi. Fitilar makullin takan yi ta ƙiftawa har haƙoran su shiga, sannan ta tsaya. A ɗan motsa motar a hankali, kada a taka totur taya na juyawa a banza. Toyota ta ce kada a wuce kilomita 8 a awa yana kulle, a kuma buɗe shi da an fita wurin. A sababbin Hilux, shiga L4 na kunna VSC OFF, alamar an kashe tsarin hana mota waskewa, shi ma daidai ne.

Fitila mai hoton mota da sawu a karkace in tana ƙiftawa ana jin gurnani a gaba, na'urar hana sulɓi ce ke kama tayar da ta rasa ƙasa don ƙarfi ya koma ɗayar. A riƙe totur daidai, kada a ɗaga. In an daɗe ana haka har ƙararrawa ta tashi, na'urar ta yi zafi, sai a tsaya ta huce.

Wadda nake so a kula da ita ita ce ABS da ta kama ta zauna ba a kulle komai ba. Sau da yawa ƙaya ko dutse ne ya tsinke wayar da ke bayan taya, ko laka ta danƙare kan na'urar da ke ƙirga juyinta. Birki na nan yana aiki, ana iya komawa gari sannu. Amma in ta haɗu da jar fitilar birki, a tsaya. Mai sayen tsohuwar mota kuma ya murɗa makulli ba tare da ya tayar ba, ya ga ABS, buta, batir da jakar iska duk sun kama. Wadda ta ƙi kamawa, a zargi an cire ƙwanta.

Direban Buza: Masu giyar otomatik, hawa a hankali cikin H4, babbar giyar katkat, da kaya shi ke dafa man giya, musamman a Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40. In A/T OIL TEMP, fitilar zafin man giya, ta kama a tsaya a sa giyar fakin (P), a bar inji yana silo har ta mutu, kada a kashe shi, sannan a hau da L4. A riƙa kakkaɓe ƙarangiya da ciyawa daga gaban lagireto, kuma ba a buɗe murfinsa da zafi.

Mai Hilux daga Madawa: Saura ta matatar gazwal, mai zuwa da ƙara.

Bakaniken Tawa: Ruwa ne ya taru a gindin matatar, ya fi yawa ga masu shan man jarka, girgizar dutse ta ɗaga shi. A ajiye gwangwani a ƙasa, a sassauta abin toshe gindin matatar zagaye 2 zuwa 2 da rabi, a yi ta danna famfon hannu da ke saman matatar har gazwal zalla ya fito, sannan a ɗaure da hannu, ban da filaya don roba ce. Tanki kuma kada ya gaza rabi kafin a kama hanyar dutse, don in gazwal ya gudu gefe inji ya zuƙi iska, a tsakiyar hawan zai mutu, birki da sitiyari su yi tauri lokaci guda.